Ɗan Sa-ido Ya Ce Talatin da Takwas

A ofis Daƙiƙa suke kiranta, kuma ita ta jawo wa kanta. Mace ce da in ka ce mata kana zuwa yanzu, sai ta ɗago kai ta tambaye ka yanzun nawa. Shekara goma sha tara ke nan tana aiki a kamfanin da ke haɗa akwatunan sarrafa inji, 'yan akwatunan nan masu ruwan toka da ake ɗaurawa a jikin injin masana'anta su riƙa gaya masa inda zai yanka da inda zai tsaya. Ita ba ruwanta da ƙarfe ko fenti. Aikinta can ciki yake, a zuciyar manhajar da ke tafiyar da akwatin, wurin da sauran ma'aikata ke leƙawa su ja da baya.

Aikin ba shi da wuyar ganewa, masu yinsa ne dai ke son a ɗauka haka. Idan inji yana juyawa, akwai wata 'yar na'ura a jikinsa da ke ƙwanƙwasa wa akwatin ƙofa duk sanda ya matsa gaba kaɗan. Kowane bugu, dole zuciyar manhajar ta saki abin da ke hannunta ta amsa, ta ƙara ɗaya a lissafinta, da haka take sanin inda wuƙar injin take. Jinkirin da ke tsakanin bugun ƙofa da amsawa shi Daƙiƙa ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen askewa. Ba da minti ake auna shi ba, ba ma da daƙiƙa ba. Sai an raba daƙiƙa ɗaya gida miliyan, kowane gida su a ofis maikiro suke ce masa. Kamfani kuwa ya yi wa duk mai sayen akwatinsa alkawari a rubuce cewa jinkirin ba zai taɓa wuce maikiro hamsin ba.

Mai ba da shaidar an cika alkawarin shi ne Ɗan Sa-ido. Ba mutum ba ne. Wani ɗan yankin kod ne, wato rubutattun umarnin kwamfuta, da Daƙiƙa ta rubuta da hannunta shekara goma sha ɗaya da suka wuce, tana shayar da 'yan biyunta. Aikinsa ya zauna a cikin zuciyar manhaja ya auna kowace amsa, ya rubuta a littafinsa, ya fitar da rahoto. Da wasa ta raɗa masa sunan, sunan ya bi shi har cikin takardun kamfani. A bangon ofis akwai wani ƙaton allo, kuma tun ranar da aka kafa shi lamba ɗaya yake nunawa da koren launi, talatin da takwas. A ƙasan kowane rahoto kuma akwai sunanta da ƙananan haruffa. Ba ta taɓa cewa tana alfahari da hakan ba, amma fa ba ta taɓa cewa a cire ba.

Ranar wata Asabar da hantsi tana shagon mijinta. Shagon fotokwafi ne mai faɗin tabarma biyu, da inji ɗaya mai tari kafin ya fara aiki, da fanka mai juya kai kamar tana ƙin magana. Tana taya shi jera takardu sai ga Auta.

Auta ƙanin mijinta ne. Shekararsa talatin da tara, da furfura a gemu da 'ya'ya huɗu, amma sunan ya ƙi sakinsa. Tun ranar da ta shigo gidan yayansa yake ce mata matata, ita kuma ta ce masa mijin da ba cefane. Ita ce ta yi masa hanyar aiki shekara huɗu da suka wuce a wata masana'antar kwali da ke amfani da akwatinsu, aka ba shi injin yanka.

"Matata, an sake aiko mini da wasiƙar soyayya," ya faɗa yana kaɗa ambulan. "Ta biyu ke nan. In ta uku ta zo, sai dai ki ajiye ni a ɗaki ki riƙa ciyar da ni."

"Allah ya kiyaye. Kai da cinka ya fi aikinka?"

Ta karɓa tana dariya. Takardar gargaɗi ce. Ga abin da ke faruwa: sau ɗaya a sati biyu ko uku, ba sallama ba dalili, wuƙar injin sai ta goce da kamar faɗin yatsa, ta ci gaba da yanka a gocen har sai wani ya lura. Kafin nan kwali ya lalace tuli. Manajan masana'anta yakan nemi rahoton akwati, akwati ya ce lafiyarsa ƙalau. To in inji lafiya yake, wa ya rage? Mai injin. A dokarsu kuma gargaɗi na uku shi ne sallama.

A bayan takardar an danne wata da fil. Ta ɗaga, sai ta ga rahoton Ɗan Sa-ido, talatin da takwas, da sunanta a ƙasa.

"Wallahi ban taɓa ma'aunin nan ba," in ji Auta. "Injin ne kawai yake tashi da aljanunsa."

"Inji ba shi da aljanu, Auta. Mai injin ne dai ke da waya a aljihu."

Ya yi dariya, don ya saba duk abin da ta faɗa ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Mijinta, mutumin da kan yini bai yi jimla goma ba, ya ɗaga murfin inji ya ce, "Ki dai duba."

Ta duba ɗin, amma kada a ba ta ladan da ba nata ba. Ba don ta wanke Auta ta shiga ɗakin gwaji ranar Litinin ba, so take ta samo hujjar da za ta rufe masa baki da ita. Ta ɗauko akwati irin na masana'antar, ta haɗa shi da injin gwaji, ta janyo osiloskop, na'urar nan mai zana wutar lantarki a gilashi, wadda ba ruwanta da abin da manhaja ke faɗa game da kanta. Waya ɗaya ta ɗaura a inda bugu ke shiga, ɗaya a inda amsa ke fita. Ta saki injin a cikakken gudu, ta umarci akwatin ya riƙa gudanar da komai nasa da sauri don kada ta jira sati uku.

Litinin ba komai. Talata ba komai. Har ta fara shirya irin tsiyar da za ta yi wa Auta ranar Asabar. Ranar Laraba wajen sha ɗaya da rabi, tana riƙe da kofin shayi, layin da ke kan gilashin ya miƙe ya yi tsawon da bai taɓa yi ba, na'urar ta kama shi ta daskarar. Ta ajiye kofin ta ƙirga gidajen da yatsa, ta sake ƙirgawa. Maikiro ɗari tara. Ta leƙa ta tagar ɗakin gwajin ta hango allon bango, yana nan kore shar, talatin da takwas.

 Ta koma kujerarta ta buɗe kod ɗin da ta yi shekaru ba ta kalla ba, don me za ta kalli abin da kowa ke yabo? Ba ta yi minti ashirin ba ta gan shi. Duk sanda Ɗan Sa-ido zai yi rubutu a littafinsa, yakan kulle ƙofa don kada wani bugu ya shigo ya rikita masa lissafi. Yawanci ƙiftawar ido ce. Amma ranar da littafin ya cika, sai ya zauna ya kwashe shi kaf zuwa ma'ajiya, ƙofa kuma tana kulle. Wannan ɗaya ke nan. Na biyun shi ya fi ciwo: agogonsa ba ya fara ƙirga sai an buɗe ƙofar. Kamar maigadin da zai garƙame get ya tafi harkarsa, ya dawo ya buɗe, sannan ya rubuta cewa baƙo bai jira ko kaɗan ba. A cikin ɗari taran nan bugu huɗu kan wuce ba wanda ya ji, lissafi ya goce, wuƙa ta bi shi.

A saman layin da ke kulle ƙofar akwai ɗan bayanin da ta bar wa kanta, da kwanan watan shekara goma sha ɗaya baya. Ta rubuta: na wucin gadi ne, zan gyara.

Kunya ce ta fara kama ta, irin mai sa mutum ya waiga ko wani na kallonsa. Sai haushi ya biyo baya, kuma haushin ya fi kunyar daɗewa. Kwana tara ta yi a kai. Ta farfasa kwasar littafin zuwa ƙananan guntaye da ake yi ƙofa a buɗe. Ta kuma ƙwace agogon daga hannun Ɗan Sa-ido ta mayar da shi bakin ƙofa, ya riƙa ƙirga tun daga bugun farko. Ta aske nan, ta kankare can, har ta kai inda ba abin da ya rage a aske. Osiloskop ya ce saba'in da ɗaya. Daga ɗari tara zuwa saba'in da ɗaya, kuma injin yanka ba ya rasa bugu sai jinkiri ya haura ɗari biyu. Ba aikin da ta taɓa yi a rayuwarta da ya kai wannan kyau.

Sai dai yanzu Ɗan Sa-ido ya koyi faɗin gaskiya. Da ta shigar da gyaran cikin manhajar da ake shirin fitarwa, allon bango ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya koma ja, ya nuna saba'in da ɗaya. Har mai shara sai da ta tsaya da tsintsiya a hannu.

Shugaban sashe Mai Kore ake ce masa a bayan idonsa, saboda ba abin da yake ƙauna a duniya kamar launin allon nan. Daƙiƙa ce ta koya masa aiki lokacin da ya zo da takalmi ɗaya da rawar kai, har yau kuma Anti yake ce mata. Ba mugu ba ne, kuma da mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Ranar Litinin ya kira ta ofishinsa, ya rufe ƙofa da kansa, ya jawo mata kujera.

"Anti, na karanta gyaran nan sau uku. Wallahi aiki ne na a zo a gani."

"To me ya sa ka rufe ƙofa?"

Ya shafa ƙeya. "Alhamis za a fitar da sabuwar manhaja, kin sani, kuma in ta wuce sai bayan wata shida. Masana'anta arba'in da wani abu muka rubuta wa hamsin. Yau in aika musu akwatin da zai buɗe baki ya ce saba'in da ɗaya? Anti, ba za su ce mun gyara ba, cewa za su yi mun ɓata."

"Sai ka gaya musu da can ɗari tara ne."

"In gaya musu shekara goma sha ɗaya muna ba su rahoton ƙarya? Da sunan wa a ƙasa?"

Ta san sunan.

Ya matso da kujerarsa ya sassauta murya. "Ga shawara. Gyaran naki kashi biyu ne, na ƙofa da na agogo. Ki bar na ƙofar ya tafi ranar Alhamis, injuna su daina ɓarna, kowa ya huta. Agogon kuma ki mayar da shi inda yake na ɗan lokaci, mu samu mu lallaɓa maganar kwantiragi a hankali."

"Na ɗan lokaci," ta maimaita. "Na san irin wannan ɗan lokacin, ni na ƙirƙiro shi."

"Na gwada raba su da kaina, na ga kin ɗinke su wuri ɗaya. Ba wanda zai iya taɓa wurin nan cikin kwana uku sai ke. Awa biyu ta ishe ki."

Ba ma za ta kai awa biyu ba, layi goma sha ɗaya ne. Da gangan ta ɗinke su, don tun tana rubutawa ta hango wannan zaman. Kuma tana da dalili, mai kyau ma. Takardun gargaɗin Auta biyu a kan talatin da takwas suke tsaye. Muddin allo bai daina faɗin lambar nan ba, ba mahalukin da zai taɓa kiran Auta ya ce masa yi haƙuri, ba laifinka ba ne. Wannan shi ne dalilin da ta faɗa wa kanta. Akwai kuma wanda ba ta faɗa ba: so take ranar da asiri zai tonu a ce ita ce ta tona, ba ita aka tona ba. Sannan can a ƙasan zuciyarta ta tabbata ba su isa su fitar da manhaja ba tare da ita ba. Shekara goma sha tara ba a taɓa yi ba.

"Ko duka, ko babu," ta ce.

"Anti, don Allah."

"Ko duka, ko babu. Ka buɗe mini ƙofa."

Da yamma ta biya shago ta ba mijinta labari, kuma ta ba shi da daɗinsa, har da kwaikwayon yadda Mai Kore ke shafa ƙeya. Yana yanke gefen wasu katunan gayyata yana saurare. Da ta gama ya ce, "Rabin nan da ya ce, in an sa shi, injin Auta zai daina ɓata kwali?"

"Zai daina mana. Amma ai ba nan maganar take ba."

"To," ya ce, ya ci gaba da yankansa.

Shekara ashirin tana zaune da mutumin nan, ta san yana da "to" iri-iri, ta kuma san wace iri ce wannan. Ta yi kamar ba ta ji ba.

Talata ta wuce, Mai Kore ya aiko saƙo, ta yi biris. Laraba ya zo har teburinta ya tsaya, ta ce masa ya matsa yana tare mata haske. Tana jiran ya karaya ne, ta ma san irin fuskar da za ta yi idan ya zo ya ce an yarda.

Alhamis da safe ta shigo, tun daga bakin ƙofa ta ga allon. Kore. Talatin da takwas. Ta zauna ta buɗe kwamfuta. Gyaranta na kwana tara an cire shi ɗungurungum da danna maɓalli ɗaya, an rubuta a gefe: an ɗage zuwa zagaye na gaba. Ashe raba gyaran ne ba mai iyawa sai ita, cire shi kuwa ko ɗan koyo ya iya. Wannan lissafin ne mai ƙirga maikiro ba ta yi ba.

Ta daure har azahar, girman kai yana riƙe da ƙafarta. Sannan ta tashi ta shiga ofishinsa ba sallama.

"Na yarda. Ba ni awa ɗaya in raba su."

Mai Kore bai yi mata dariya ba, kuma da ya yi da ta fi samun sauƙi. "Anti, ƙarfe goma aka rufe aka tura. Yanzu haka masana'antu suna saukewa. Ko ni ba ni da ikon taɓawa." Ya dubi agogon hannunsa kamar zai samo mata wani abu a ciki. "Da jiya ne."

Abin da ya biyo baya ta yi shi da gudu, gudun da ba ta yi ba lokacin da yake da amfani. Ta kira Auta ta ce ya riƙa kashe akwatin yana kunnawa kowace safiya don kada littafin ya cika. Ya ce akwatin da hatimi a jikinsa, taɓa shi kaɗai laifin kora ne, kuma injin ba a kashe shi, mutum uku ke karɓa-karɓa. Ta ce to ya rage gudu. Ya ce gudu na foman ne, mai kula da ma'aikata. Ta shafa wa idonta toka ta kira manajan masana'antar da kanta, duk da takardar riƙe sirri da ta sa wa hannu. Ya saurare ta da ladabi, ya ce ta aiko masa a rubuce a takarda mai tambarin kamfani. Kamfani ya ce ana nazarin maganar. Auta dai a waya bai fasa wasansa ba. "Matata, ashe aljanun naki ne? To ki yi musu magana su bar ni in kai wata shida."

Kwana goma sha tara suka ba shi. A duti ɗinsa littafin ya sake cika, kamar ba sauran mutum biyu a duniya. Wuƙa ta goce, takarda ta uku ta zo.

Ranar Asabar da ta biyo baya tana shago ita kaɗai, mijinta ya tafi sayo tawada. Ta ga inuwa a bakin ƙofa, ta ɗago. Auta ne, da riga mai guga da fayil a hammata. Bai kaɗa komai ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa kamar baƙon da ya zo tambayar hanya.

"Injiniya, ina wuni."

Ta jira sauran, ta jira ya fashe da dariya ya ce matata. Bai ce ba.

"Lafiya lau, Auta. Shigo mana, ga kujera."

"A'a, sauri nake yi. Ƙungiyar ma'aikata ce ta ce in kawo takardun nan, kowace kwafi uku. Ko za su iya wani abu."

Ya ɗora fayil ɗin a kan kanta. Gargaɗi na ɗaya, gargaɗi na biyu, takardar sallama. Kowace da rahotonta a baya, an danne da fil.

"Zan bi ka wurinsu," ta ce da sauri. "Zan tsaya a gabansu in faɗi komai. Ina da hoton abin da osiloskop ya nuna, ina da..."

"Mutumin ƙungiyar ya duba. Ya ce hujjar masana'anta tana da ƙarfi, don babbar injiniya ce ta sa suna. Ya ce in kika zo kika ce ba haka ba, za su ce ai matar yayansa ce." Ya gyara tsayuwa. "Kada ki wahalar da kanki."

Fanka ta juya kanta ta dawo. A waje wani mai babur yana ta danna hon.

"Yaya ya ce an ba ki rabi, kin ƙi."

Ba tambaya ba ce, amma ta amsa. Ta yi masa bayanin ƙofa da agogo, ta ce in an bar lambar nan takardunsa biyu za su zauna a fayil har abada, ta ce so take a wanke shi tas, a kira shi ofis a ba shi haƙuri a gaban kowa. Duk gaskiya ne, kuma tana faɗa tana jin yadda maganar ke faɗuwa ƙasa a tsakaninsu. Ya bar ta har ta kai aya, bai katse ta ba.

"Ni ban nemi a ba ni haƙuri ba," ya ce a hankali. "Gargaɗi biyu ai ba sa hana mutum tashi da safe ya tafi aiki. Da kin kira ni kin tambaye ni, da na gaya miki. Ni rabin nan ya ishe ni."

Ba ta tambaye shi ba. Kwana uku tana ja-in-ja da sunansa a bakinta, ko sau ɗaya bai zo mata a rai ta ɗaga waya ta ji ta bakinsa ba. Ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta sa shi a kan takardun. Ta ɗauko abin cire fil ta raba su ɗaya bayan ɗaya.

"Rahoton ma a yi?" ta tambaya.

"Sun ce komai da komai."

Ta ɗaga murfin injin ta kifa shafin farko. Injin ya yi tarinsa, haske ya bi ta ƙarƙashin gilashi ya dawo. Takardar ta fito da ɗuminta, talatin da takwas, da sunanta a ƙasa da ƙananan haruffa. Wata ta biyo, wata ta biyo. Sau tara ta tsaya tana kallon sunan yana fitowa, ta jera, ta danne kowace da fil a inda take da.

Auta ya karɓa da hannu biyu, ya ƙirga, ya sa a fayil.

"Na gode, Injiniya. A gaida yara."